Man Shanun da Aka Binne a Shinkafar Auta

"...lafiya lau, maigida, ya zafin walda? Yau kuma da rana tsaka ka dawo? Ko sun gane ƙaton banza suke ciyarwa, sun sallame ka?"

"Riƙe gaisuwarki, Tsohuwa. Yau ba na amsawa."

"Kai ma riƙe taka. Amma ka cire min wannan takalmin daga kan darduma, nan ba shagonku ba ne."

Ina zaune a bakin keken ɗinkina a falo aka fara, kuma tun daga yadda ya banko ƙofa na san yau akwai magana. Mai shigowar ƙanena ne, Auta, mai walda, wanda shekara huɗu ke nan ya ɗora wa kansa ɗaga ƙarfe. Wadda ya tsaya a kanta yana huci Kakarmu ce, uwar babanmu. Tun yana cikin zanen goyo take kiransa maigida, shi kuma da ya yi baki ya raɗa mata Tsohuwa, kuma ban taɓa ganin ranar da suka kwana ba su tsokani juna ba.

Amma na yau ba irin na kullum ba ne. Saura kwana tara a hau sikelin gasa, kuma ajin da Auta ya yi rajista na kilo saba'in da huɗu ne. Duk wanda ya wuce ko da rabin kilo, ko ƙarfen ba zai taɓa ba, gida zai koma. Shi kuwa sati uku cur ya maƙale a saba'in da shida, sikeli ya ƙi motsi. Bara ƙuna a hannu ta hana shi shiga, bana kuma ita ce shekararsa ta ƙarshe a gasar matasa. Wata biyu ke nan ya mayar mana da kicin kamar ɗakin haɗa magani. Lahadi da Laraba zai dafa shinkafa da ƙirjin kaza da kabeji, ba mai, gishiri ɗan taɓawa, ya auna komai, ya jera a robobi cikin firij, ya rubuta nauyin kowace a murfinta. Ni dai takaicina ɗaya, duk gwaiduwar ƙwan da yake warewa ni nake soyawa in cinye, har rigunana sun fara matse ni.

Ya dangwarar da roba ɗaya a kan tebur, ya buɗe, ya sa cokali ya tona tsakiyar shinkafar. Sai ga wani dunƙule rawaya, daskararre.

"Mene ne wannan?"

"Shinkafa."

"A ƙarƙashin shinkafar!"

"Roba."

"Tsohuwa, kada ki raina min hankali. Na ce mene ne wannan?"

"Yo ina zan gani? Idon nan nawa ya tsufa."

"Idon da yake zura wa Yaya zare a allura? Idon da ya hango ni daga taga ina magana da 'yar mai kanti, har kika faɗi launin takalminta?"

"Wannan kishi ne ya buɗe shi. Mace ko makauniya ce tana ganin mijinta in ya tsaya da wata."

"Man shanu ne! Man shanu aka binne min a abinci! Kullum juye robar nake a tukunya in ɗora a kan hita in koma aiki, kafin in dawo ya narke ya bi shinkafa. Yau aka ɗauke wuta a shago, na ce bari in ci da sanyinsa, sai kawai na ji haƙorina ya nutse a cikin wannan. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya!"

"To ka tambayi kazar mana. Kajin zamanin nan ba abin da ba sa yi."

"Kaza ta haifi man shanu?"

"Kai da ka ga namiji yana zubar da gwaiduwa yana lasar farin ƙwai, me kuma zai ba ka mamaki a duniya?"

Ya juyo kaina, idonsa ja. "Yaya, ke kina gidan nan kullum. Wa yake buɗe robobina?"

Wallahi na sani. Sau biyu ina fitowa da sassafe ina tarar da ita a tsaye gaban firij da cokali a hannu, tana yi min alama in yi shiru. Na ɗauka ɗan gishiri take ƙara masa, don ni ma na taɓa ɗanɗana abincin nan na ji kamar an dafa takarda. Amma wa zai sa kansa a wannan wutar? Na taka keke na ce, "Ni ba na shiga tsakanin mata da miji."

"Kin gani ko? Da ɗan gari akan ci gari. Duk ku biyun bakinku ɗaya!"

Kaka ta gyara zama, ta ajiye maficinta a cinya. "Bar yarinya ta yi ɗinkinta. Ni na sa. Ni ɗin nan. Sai ka kira min hukuma."

"Ke kika sa?"

"Da hannun nan na dama. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wa ya ce ka jera min abincin marasa lafiya a firij ɗina?"

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da na ga kumatunka sun fara faɗawa."

"Sati nawa, Tsohuwa?"

"Uku. Ko da ɗan ɗoriya."

Ya ɗora hannu biyu a ka, ya zagaya falon sau ɗaya, ya dawo. "Inna lillahi! Sati uku! Amma ta yaya? Kowace roba ina auna ta kafin in fita. Giram ɗari huɗu da ashirin na rubuta, ɗari huɗu da ashirin nake gani. Ko giram ɗaya bai taɓa ƙaruwa ba!"

"Yo ai ba zai ƙaru ba. In na sa cokali ɗaya na mai, sai in kwashe kabeji daidai nauyinsa."

"Da me kika auna?"

"Da sikelinka mana. Wannan ɗan abin mai ƙiftawa da kake ɓoyewa a saman kabad, kana ganin ba zan iya hawa kujera ba."

"Kin hau kujera? Da wannan gwiwar da kike cewa ba ta kai ki bakin titi?"

"Gwiwa tana da abin da take tashi dominsa."

"Kin san abin da cokali ɗaya na man nan ya ƙunsa? Kalori ɗari da wani abu! Roba uku a rana! Duk ɗan abin da nake ragewa don jiki ya ƙona kitse, ke kina bin baya kina mayarwa. Gudun da nake yi da safe, yunwar da nake kwana da ita, duk a banza!"

"Kalori ko Kaluri, ban san shi ba, bai taɓa zuwa gaishe ni ba. Ni dai na san wanda ya zauna a nan ran Asabar yana lashe cokali yana cewa, 'Yaya, hannuna fa ya faɗa, yanzu ko ba mai girkina daɗi yake.' Har hoto ka ɗauka ka tura wa abokanka. Hannunka ya faɗa! Hannun da ko ruwan shayi ƙona shi yake."

Dariya ta kuɓuce min, na yi sauri na mayar da ita tari. Auta bai ko kalle ni ba.

"Ki yi dariyarki. Kin san abin da ya faru jiya? Koci ya ɗora ni a sikeli gaban kowa. Ya ce, 'Kai, kana ci a ɓoye.' Na ce wallahi ba na ci. Ya ce tsarin da ya rubuta min ko jaki aka ɗora a kai zai sauka, sai dai in jakin yana shiga rumbu da dare. Mutum goma sha suna tsaye suna ji. Na rantse, Tsohuwa, na rantse da Allah abin da ke takarda shi nake ci, ya ce in bar rantsuwa, sikeli ba ya ƙarya. Ya ce in Juma'a ta zo ban motsa ba, sunana zai cire ya sa wani. Ni aka kira maƙaryaci!"

"Wane ne shi da zai kira mijina jaki?"

"Ke kika ja min! Kuma da na ga nauyin ya ƙi sauka, na ɗauka jikina ne. Na rage shinkafa daga giram ɗari da hamsin zuwa ɗari. Na cire ayabar da nake ci kafin atisaye. Shekaranjiya ina kwance a benci da kilo ɗari a sama, jiri ya ɗebe ni, ba don wanda ke tsaye a kaina ya cafe ba da a ƙirji zai sauka min."

Kaka ta ce a hankali, "Ashe shi ya sa."

"Shi ya sa me?"

"Na ga shinkafar ta ragu, na ga wuyanka ya ƙara tsawo. Sai na mayar da shi cokali biyu."

"Biyu?"

"Kana ragewa ina ƙarawa."

"La ilaha illallahu! Yaya, kina ji? Ina ragewa tana ƙarawa! Shi ke nan, na sake ki, Tsohuwa. Saki uku, ba kome!"

"Sakin wanda ba ya iya haɗiye gwaiduwa ba ya kama mace. Je ka ci ka ƙoshi tukuna, ka zo ka sake ni da ƙarfinka."

"Yau ɗin nan zan ɗauko injin walda in yi wa firij ɗin nan marfin ƙarfe da kwaɗo."

"Firij ɗin da aka saya kana rarrafe kana cin ƙasa? Taɓa shi ka gani. Wai shi mai ƙarfi! Ka wuni kana ɗaga ƙarfe kana ajiyewa a inda ka ɗauke shi. Ba ka kai shi ko'ina ba, ba wanda ya aike ka. Ran nan na ce ka ɗauko min buhun gawayi daga ƙofa, ka ce ranar hutun bayanka ce. Bayan da yake da ranar hutu, ai wannan ma'aikacin gwamnati ne."

"Tsoka a lokacin hutu take ginuwa, amma ina za ki sani?"

"Tsokar me? Kallon kitse ake wa rogo. Kakanka, Allah ya jiƙansa, buhu biyu yake ɗauka a kafaɗa ya hau bene, bai taɓa tambayar shinkafa nauyinta ba."

"Shi ba gasa zai shiga ba! Ni kowace loma da lissafinta. Furotin kaza, sitaci kaza, a sa'a kaza. Wannan ilimi ne, ba girkin 'zuba mu gani' ba. Ke ba ki san ma me ake nufi da auna abinci ba, ba ki taɓa yi ba, shi ya sa kike wasa da shi!"

Na cire ƙafata daga kan keke. Auta yana da shekara goma sha ɗaya lokacin jinyar Kakanmu, kuma a makarantar kwana yake, bai ga komai ba. Ni na gani, kuma na san ya taka inda ba a takawa.

Kaka ta miƙe tsaye, ba ta ko dafa kujera ba.

"Ni ce ban san auna abinci ba? Ni? Kai ɗan jiya, shekara talatin da ɗaya na yi a kicin ɗin asibiti! Mutum ɗari biyu nake ciyarwa sau uku a rana, kowa da takardarsa. Wannan ba gishiri, wannan ba sukari, wannan nama giram sittin, wannan ruwa kofi biyu ko yana kuka. Tun ubanka bai iya ɗaura wando ba nake karanta sikeli. Ka ɗauka wa ya iya kwashe kabeji daidai da mai har sati uku ba ka gane ba?"

"To in kin sani, me ya sa..."

"Rufe min baki, ina magana! Saboda na sani ɗin ne! Na san wa ake dafa wa irin abincin nan. Da zuciyar kakanka ta kumbura, likita ya rubuta takarda ya ba ni, ya ce ai ke gwana ce, ba sai an koya miki ba. Na zo gida da sikeli na ajiye a kan teburin can. Wata takwas ina auna wa mutumin nan abinci. Fara ƙal, ba mai, ba gishiri, a ɗan kwano. Ina kallo kumatunsa suka faɗa, wuyansa ya yi tsawo, kamar yadda naka yake yi. Ran wata Talata ya riƙe min hannu ya ce, 'Ki sa min man shanu cokali ɗaya a shinkafar nan, ɗaya tak, in ji ɗanɗanonsa.' Na ce a'a, ba ya cikin takarda. Ya ce ba wanda zai sani. Na ce ni zan sani. Ya yi dariya ya ce, 'Ke dai ma'aikaciya ce.' Ya ture kwanon. Ran Alhamis ya rasu."

Muryarta ba ta yi rawa ba, faɗa take yi har yanzu, amma hannunta ya damƙe maficin har ya lanƙwashe.

"Cokali ɗaya! Me zai rage masa? Kwana biyun? Shekara goma sha biyu ina tambayar kaina. Tun ranar na naɗe sikelin na tura ƙarƙashin gado, na ce ba a ƙara auna wa kowa abinci a gidan nan ina raye. Sai ga ka, da lafiyarka, da ƙuruciyarka, ka kawo min wani ka ɗora a kan teburin nan dai, kana cin abincin da na binne mijina da shi. In buɗe firij in ga robobi a jere da rubutu kamar ɗakin marasa lafiya. Ka ce in zuba ido?"

Ni kam hawaye ya zubo min, ba zan ɓoye ba. Haushin Auta nake ji don bakinsa ba shi da linzami, haushin Kaka nake ji don ta kusa jawo ƙarfe ya faɗo wa yaro a ƙirji, kuma haushin kaina ya fi, da na gani na yi shiru.

Auta ya daɗe yana kallon dunƙulen man. Sannan ya sunkuya ya kwance takalminsa, ya kai bakin ƙofa ya ajiye, ya dawo ya durƙusa a gabanta.

"Wato wannan tsohon, Allah ya jiƙansa, bai ishe shi ba ya riga ni aure ki tun ba a haife ni ba, sai ya biyo ni har cikin robata?"

"Ka kiyayi bakinka da shi. Ya fi ka kyau, ya fi ka ƙwanji."

"Na ji. Amma Tsohuwa, dube ni. Shi ciwo ne ya auna masa. Ni ni na auna wa kaina, kuma nawa yana da ranar ƙarewa. Kwana tara."

"Nasa ma yana da ranar ƙarewa."

Wannan ta shige shi. Sai kawai ya ce, "Zauna." Ta zauna don ta gaji da tsayuwa, ba don ya ce ba. Kafin mu ankara ya kama ƙafafun kujerar, ya ɗaga ta da Kaka a kai har saitin ƙirjinsa.

"Kai! Kai! Sauke ni, ɗan banza! Za ka karya ni!"

"Marar lafiya yana yin haka?"

"Sauke ni na ce! Ke kuma kina zaune kina kallo zai kashe ni!"

"Ki faɗa tukuna. Mijinki na yanzu lafiyarsa ƙalau ko ba ƙalau ba?"

Tana ta dukansa da mafici a ka, shi kuwa har da ɗan tsugunawa ya miƙe, sau biyu. "Kilo hamsin da biyu," in ji shi. "Da ke za ki shiga gasar ma, ajinki ba kowa, kyauta za a ba ki."

"Ƙalau kake! Ƙalau kake, uban taurin kai! Sauke ni!"

Ya sauke ta a hankali. Ta gyara ɗankwalinta tana haki, ta harare shi sama da ƙasa, ta miƙa hannu.

"Ba ni wayarka. Kira min wannan kocin."

"Me za ki ce masa?"

"Ina ruwanka? Kira shi, ka sa yadda kowa zai ji."

Ya kira. Ana ɗauka ba ta ko bari mutumin ya gama sallama ba.

"Kai ne koci? To ni ce kakar wanda ka kira jaki jiya. Saurara, ɗana, ban gama ba. Yaron nan bai ci komai a ɓoye ba. Ni na binne masa man shanu a abinci, sati uku, cokali ɗaya sannan biyu, bai sani ba sai yau. Ɓarauniyar tana nan, ga ta tana magana da kai. Sikeli ba ya ƙarya, gaskiyarka, amma shi ma bai yi ba. A gaban mutum nawa ka ƙaryata shi? To gobe ka tara su, a gabansu za ka wanke shi. Kuma sunansa yana nan a takardarka har ranar awo, ka ji ko?"

Daga can sai muka ji dariya ta ɓarke, irin wadda mutum yake yi har da buga tebur. Da ƙyar ya iya cewa, "Na ji, Mama. Man shanu! Wallahi na ji. In dai an daina, kwana tara za su iya isa, amma fa da ƙyar. Sai an bi takarda ƙwaya da ƙwaya."

"Takarda kake gaya wa wa?" Ta miƙa wa Auta wayarsa. "Kashe."

Ta shige ɗakinta. Muka ji tana jan akwati, tana tsaki, tana zagin gwiwarta. Da ta fito tana rungume da wani abu a naɗe cikin tsohon zani. Ta ajiye a kan tebur ta warware. Sikeli ne na ƙarfe mai faranti da allura, fentinsa ya ɗan ci, amma ko tsatsa babu. Rabona da ganinsa tun ranar da aka share ɗakin Kakanmu. Ta sa gefen zanin ta goge farantin, ta murɗa wani ɗan ƙusa har allurar ta tsaya a kan sifili.

"Kawo takardar kocin in gani."

Ya zaro ta daga aljihu. Ta nisanta ta da idonta tana karantawa, idon da ɗazu ya tsufa.

"Hm. Ba laifi, ya ɗan san aikinsa. Amma wa ya ce ka rage shinkafa zuwa ɗari? Nan ɗari da hamsin aka rubuta. Ka mayar, da ayabarka, kada ka je ka faɗi a ƙarƙashin ƙarfen mutane a ce ni ce. Kuma daga yau ka fita min daga kicin. Kazar da kake dafawa kamar kana hukunta ta! Abinci ba mai ba shi ne abinci ba daɗi ba. Akwai lemon tsami, akwai tafarnuwa, akwai citta da albasa, a jiƙa naman tun safe a gasa shi a rufe. Na ciyar da manyan mutane da aka hana gishiri, har suna aiko min da gaisuwa bayan an sallame su."

"Ke za ki dafa min? Ke da kanki?"

"Kwana tara. Ko ƙwayar shinkafa ba za ta wuce ba."

"In yarda da ɓarawo ya yi min gadi?"

"Wa ya fi shi sanin ta inda ake shiga? In ba ka yarda ba ka bi bayana da ɗan abin ƙiftawarka."

Ta jawo robar, ta sa cokali ta ɗauke dunƙulen man shanun, ta sa a wani ɗan kofi mai murfi. Sannan ta juye shinkafar a farantin sikelin. Allura ta tsaya a ɗari. Ta aike ni kicin na ɗebo mata daga tukunyarmu fara da ba a sa wa komai ba, ta riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan. Allura ta ɗan gota ɗari da hamsin. Ta sa yatsa biyu ta tsince 'yan ƙwayoyi har ta dawo daidai.

"Amma da sharaɗi," in ji ta, ba ta ɗago ba.

"Na san za a zo nan."

"Ranar da ka sauko daga sikelinsu, ko ka ci gasar ko an ci ka, nan za ka zo. In dafa shinkafa, in sa man shanu cokali ɗaya a sama, ba a binne ba, ka zauna a kujerar can ta kakanka ka cinye ina kallo."

Auta ya ɗauki kofin, ya ciro makar da yake rubuta nauyi da ita, ya rubuta kwanan watan awo a murfin. Ya buɗe firij ya ajiye shi a gaba, inda duk wanda ya buɗe zai gani.

"Cokali biyu za ki sa," ya ce. "Ɗaya nawa, ɗaya na tsohon. Ni zan ci masa."

Kaka ta juya mana baya, ta daɗe tana goge farantin sikelin da ya riga ya goge. Da ta juyo tana dariya, idonta jiƙe.

"Ji min ɗan banza mai haɗama. To na mayar da auren. Wanke hannu ka zo ka ci, kafin in canza ra'ayi."